Dehen da Sarƙar da Ta Ƙi Yanka Miƙe

Akwai wani maƙwabcina a nan ƙauyenmu na bakin kogin Kahayan, sunansa Dehen, amma kowa Baban Lisna yake ce masa, saboda 'yarsa ta fari. Na daɗe ina riƙe da labarinsa a ciki, domin duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci. Yau dai na ce bari in sauke muku shi ko na huta.

Dehen mai yankan katako ne da zarton inji. In dai maganar aiki ce ba zan rage masa komai ba, mutumin ya iya. Shekara uku a jere shi ke lashe gasar yankan gungume da muke yi ranar bikin 'yancin ƙasa, sha bakwai ga Agusta.

Dokar gasar ba wuya. Ana ɗora gungume a kan mazauni, a zana layi da alli kamar faɗin tafin hannu daga bakinsa. Mutum ya fitar da faifai uku na itace cikin wannan ɗan wurin. Wanda ya riga kowa gamawa shi ya ci. Wanda yankansa ya karkace ya tsallake alli ya fita, komai saurinsa.

Ba ƙarfin inji ke cin gasar nan ba, sarƙar zarton ce, mai haƙoran da ke yanka. Dehen yana da wata sarƙa guda da ba ya kai ta daji, ta gasa ce kawai. Wata biyu cur aka yi ana rage mata nauyi, ana mayar da haƙoranta ƙanana masu kaifin aska. Sarƙar kanti ba ta kama ƙafarta ba. Sai dai irin wannan sarƙar ba ta da rara. Duk shafar magagari ɗaya, ɗan ƙarfe ne ya tafi wanda ba zai dawo ba.

To, ga inda maganar take. Haƙoran sarƙa jeri biyu ne, wannan ya kalli dama, na bayansa ya kalli hagu. Mai hannun dama yana wasa na dama cikin sauƙi, amma da ya juyo kan na hagu sai hannunsa ya murɗe, ko ya danne da yawa ko ya karkatar da bakin haƙori. In kuwa ɓangarorin biyu ba su zo daidai ba, zarto ba zai sauka miƙe ba, sai ya riƙa ja gefe guda.

Dehen ya yi sa'a a nan. Matarsa Rusine bahaguwa ce, kuma a gidan maƙeri ta tashi. Shekara goma sha ɗaya suna zama a barandar baya, gwiwa da gwiwa, sarƙa a ɗaure tsakaninsu. Shi ya wasa na dama, ita ta wasa na hagu. Ita ce ma ke auna haƙoran da tsinken ashana, ta ce masa "ƙara ɗaya" ko "ya isa haka". Duk wanda ya taɓa wucewa a kwalekwale ya gan su, ba wani sirri ba ne.

Shekarar da abin ya faru, gidansu ya kai maƙura. Dirkokin da ke ɗauke da shi sama da ruwa duk sun ruɓe ta ciki. In ka taka ɓangaren madafa sai ka ji kwanuka na ƙara. Itacen ulin ne kaɗai ke zama cikin ruwa shekara da shekaru bai ruɓe ba, shi kuwa yanzu ko da kuɗinka ba ka ganinsa.

Sai ga shi da rani kogi ya janye, ya tono wani tsohon gungumen ulin a cikin yashi, wanda zai ba da dirka takwas har da rara. Aka yi ta gardamar na wane ne. Ƙarshe dagaci ya raba gardama, ya ce wanda ya ci gasar bana, gungumen nasa ne.

Ranar Rusine har rawa ta taka a tsakar gida. Ta ce min, "Maƙwabci, bana zan kwana da damina ba tare da na ɗora buhun shinkafa a kan tebur ba."

Saura kwana ashirin da huɗu gasa aka yi taro a dandalin ƙauye don rubuta sunayen masu shiga. Dagaci ya miƙa wa Dehen lasifika a matsayinsa na zakara, ya ce ya ɗan faɗa wa matasa sirrin saurinsa.

Jama'a, akwai mutanen da bai kamata a ba su lasifika ba.

Dehen ya gyara wuyan riga, ya ɗaga hannun damansa sama ya ce, "Sirrin ba ya wuce wannan. Ku kalle shi da kyau. Hannun nan shi ke wasa, shi ke yanka. Baiwa ce, ba a koyonta."

Ugak na tsaye a gaba. Shi ne mai zuwa na biyu duk shekara, mutum mai sanyi da ba ruwansa da rigima. Cikin raha ya ɗaga murya ya ce, "Baban Lisna, ka faɗi na Maman Lisna ma mana. Ai rabin sarƙar nata ne."

Da Dehen ya yi dariya ya ce haka ne, da an wuce wurin. Amma ina! Kansa ya riga ya kumbura.

Ya ce, "Maman Lisna? Kofi take kawo min, ta zauna tana kore min sauro. Mace da magagari? Sai dai ko kankare ɓawon kifi."

Aka kwashe da dariya, don mutane ko abin da ba su yarda da shi ba suna yi masa dariya in an faɗe shi a lasifika. Rusine kuwa na gefen dandali tana soya ayaba ta sayarwa. Ta ji komai. Ta ƙarasa suyarta, ta kashe wuta ta tafi gida.

Washegari da hantsi Dehen ya ɗaura sarƙa a baranda, ya ƙwala kira.

"Maman Lisna, fito mu fara."

Ta fito da kofi a hannu, ta ajiye gabansa. Ta ɗauko mafici ta zauna ta fara yi masa fifita.

Ya ce, "Mene ne haka? Ina magagarinki?"

Ta ce, "Yana wurin kifi. Ga kofinka, ga ni ina kore maka sauro. Akwai saura?"

"Haba, maganar taro ce fa. Wasa nake yi."

"To ai ban ce komai ba, Baban Lisna. A gaban mutane ka zubar da ni, a gaban mutane za ka ɗauko ni. Lasifikar tana nan a ɗakin dagaci, ba ta cizo. Ka je ka ce ƙarya ka yi, matarka ce ke wasa na hagu. Kafin ka dawo na zauna."

Ya sha mur ya ce, "Ni? In tsaya gaban Ugak in ce ƙarya na yi? To ki riƙe magagarinki. Haƙori ashirin da ɗaya na hagun ne zai gagare ni?"

Ku lura da abin da aka nema a wurin mutumin nan. Ba a ce ya durƙusa ba, ba a ce ya biya tara ba. Daga gidansa zuwa ɗakin dagaci ko sigari ɗaya ba za ka gama sha ba.

Ya wasa na dama kamar kullum, ya juya sarƙa ya murɗe hannu ya wasa na hagu. Da la'asar ya gwada a wani kututture bayan gida. Zarto ya shiga da kyau, yana kaiwa tsakiya sai ya fara lanƙwasa dama. Faifan ya faɗo gefe guda kauri, gefe guda siriri kamar yankan rogo na mai gaggawa.

Dehen ya duba ya ce, "Na hagun ne ba su yi kaifi ba." Ya koma ya ƙara musu magagari.

Nan ne kuskuren da ya kashe shi. Duk ƙarin da ya yi, haƙoran hagu na ƙara gajarta, na dama na nan da tsawonsu, zarton kuma na ƙara ja dama. Shi kuwa duk sanda ya ga karkata sai ya ƙara cin na hagun. Daga gidana ina jin ƙarar magagarin nan safe da yamma har haƙorana suka fara tsami.

Kwana biyar ana haka, sai ya tafi rumfar kofi ta Kawu Tundan. Kawu Tundan ƙanin mahaifiyar Rusine ne, kuma shi ne alƙalin gasa tun ina yaro. Ina zaune a wurin Dehen ya shigo da faifan itace a hamata.

Ya ce, "Kawu, takobin injina ya lanƙwashe." Takobi shi ne dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa.

Kawu Tundan ya karɓi faifan, ya juya shi sau biyu ya ce, "Takobinka lafiyarsa lau. Hagunka ce ba ta nan."

"Kawu, ka san na iya aikina."

"Rabinsa ka iya, ɗana. Rabin kuwa ka iya shi sosai. Je ka ka faɗi abin da aka ce ka faɗa, ka bar ɓata ƙarfe."

Dehen ya ajiye kofinsa bai ƙarasa ba ya fita. Washegari ya kama zakaransa na faɗa, wanda yake ji da shi kamar ɗa, ya shiga jirgin ruwa zuwa gari. Ya sayar da shi ya sayo sabon takobi. Kwana biyu tafiyar ta ci masa.

Ya ɗaura sabon takobi ya gwada. Faifai ya fito a karkace, har ya fi na da.

Kuna tsammanin ya gane? Ko kusa. Ya ce magagarin ne jabu. Ya aro na Ugak, shi kuwa Ugak ya ba shi da hannu biyu, har da cewa, "Baban Lisna, in maganata ce ta jawo wannan, ka yi haƙuri. Zo mu je tare wurin dagaci, ni zan riƙe maka lasifikar."

Dehen ya ce, "Ka riƙe ta ranar da za a sanar da kai na biyu."

Da magagarin aro ma bai yi ba, sai ya ce baki ne da idon mahassada suka kama injin. Ya kira tsohuwar da ke yi mana al'adar sanyaya kaya don korar baki in abu ya yi zafi. Ta zo ta fasa ƙwai, ta shafa wa inji, ta shafa wa sarƙa, ta ɗora masa ƙwayar shinkafa a ka. Da ta gama tana wanke hannu sai ta ce, "Na yi nawa, jikana. Amma in ka tambaye ni, ba injin ne ke da zafi ba, gidan ne."

Ya sallame ta, ya koma kan magagari.

Ba zan ɓoye muku ba, ita ma Rusine ta ba ni haushi a kwanakin nan. Mata sun je mata, ni ma na je. Na same ta tana tsintar shinkafa na ce, "Maman Lisna, gidan nan fa da ke zai faɗi. Ki yi haƙuri ki wasa masa, in an ci gungumen kya yi fushinki a kan sababbin dirkoki."

Ta ce, "Maƙwabci, kana jin ƙarar nan? Duk shafa ɗaya a ƙirjina nake jin ta. Na fi shi sanin abin da yake cinyewa. Amma shekara goma sha ɗaya idona na tsiyaya a kan haƙoran nan, ban taɓa neman a ambaci sunana ba. Da ya yi shiru ma ya ishe ni. Shi ne zai ɗauki lasifika ya mayar da ni mai korar sauro, 'yata na tsaye tana ji? Me ya sa kowa ni yake zuwa ba wa haƙuri? Shi ƙafarsa ta karye ne?"

Na tashi na bar ta. Na tsallaka baranda wurinsa, na ce, "Dehen, don girman Allah tashi mu je. Magana ce ta numfashi ɗaya."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Na kusa gano bakin zaren. Saura kaɗan."

Kwana ashirin da uku mutumin nan yana cewa saura kaɗan.

Ranar gasa da sassafe ya yi gwajin ƙarshe. Ina tsaye a bakin tagata. Zarton ya shiga kututture, ya lanƙwasa, ya fito ta gefe, ko faifai bai bayar ba. Dehen ya kashe inji ya tsaya yana kallon sarƙar. Ya juya ya kalli dirkokin gidansa, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya cire sarƙar ya naɗe ta a tsumma, ya bi hanyar gonar roba inda Rusine ke tsaga ɓawon itatuwa tana tarar ruwansu tun fitowar rana. Na bi bayansa, don ban yarda da abin da zai je ya faɗa ba.

Ya tsaya bayanta ya ce, "Maman Lisna."

Ba ta juyo ba.

Ya ce, "Ƙarya na yi. Ke ce ke wasa na hagu. Ke ce ke aunawa ma. Ni ban san komai a kansu ba. Yau kafin a fara zan karɓi lasifika in faɗa, kowa ya ji."

Ta ajiye wuƙar tsaga, ta goge hannu a zani ta ce, "Mu gani."

Ya buɗe tsumman. Ta ɗaga sarƙar ta kalli rana, tana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya da farce. Na ga fuskarta ta canja. Ta zauna a kan saiwar itace.

Ta ce, "Baban Lisna, me ka yi haka? Ina haƙoran?"

"Ba za su gyaru ba?"

"Da makon jiya ka zo, da na gyara su ina waƙa. Da shekaranjiya ma ka zo, da akwai abin kamawa. Yanzu sai na ƙara cin na hagun kafin bakinsu ya miƙe, kai kuma ka sauko da naka su zo daidai da su. In mun gama, abin da zai rage bai fi ƙwayar shinkafa ba."

"Zai yanka miƙe?"

"Zai yanka miƙe. Ko zai kai faifai uku, wannan ban sani ba."

Ya ce, "To bari in fara zuwa wurin dagaci."

Ta daka masa tsawa, "Wane dagaci? Yanzu lokacin lasifika ne? Wuce mu je gida!"

Suka zauna a baranda gwiwa da gwiwa. Ta kama na hagu, ya kama na dama, tsinken ashana a bakinta. Ba wanda ya yi magana sai "ƙara ɗaya" da "ya isa". Hawaye na zubo mata tana sharewa da kafaɗa, hannunta bai tsaya ba. Ana buga ganga a dandali suka ɗaura sarƙa, ko gwaji ba su samu yi ba.

Mutum tara suka shiga. Ugak ya yi nasa tsaf, faifai uku kamar an auna da ma'auni, ba gaggawa. Kawu Tundan ya duba agogo ya ce daƙiƙa ashirin da shida. Ba wanda ya kamo shi har aka zo kan Dehen, wanda a matsayinsa na zakara shi ne na ƙarshe.

Dehen ya cika alkawari, wannan zan ba shi. Kafin ya ja igiyar inji ya karɓi lasifika ya ce, "Jama'a, ranar nan ƙarya na yi. Maman Lisna ce ke wasa rabin sarƙata tun da na fara cin gasar nan. Ban kyauta mata ba."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Mun sani! Kai kaɗai ne ba ka sani ba. Yi yankanka rana na yi."

Kawu Tundan ya saki hannu alamar a fara. Inji ya yi kuka.

Ban taɓa ganin yanka irin na farkon nan ba. Zarton ya sauka kamar a cikin gwanda, garin katako na tashi har kan mutane. Faifai ya faɗi, miƙe sak. Ya ɗago daga ƙasa ya yi na biyu, shi ma haka. Dandali ya kaure da ihu. Rusine ta damƙe hannun Lisna, bakinta na motsi.

Ya ɗora na uku. Ya ci rabi, ya wuce rabi. Sai muka ji wata ƙara, tas, tas, tas, kamar ana jifan kwanon rufi da tsakuwa. Haƙoran ne ke karyewa suna tashi. Garin katako ya daina fita, hayaƙi ya maye gurbinsa. Dehen ya danna da ƙirjinsa, ya danna da duk ƙarfinsa, sarƙar na zagayawa tana shafar itace ba ta cin komai.

Abin da ya rage faifan ya faɗi bai fi kaurin yatsa uku ba.

Kawu Tundan ya bar agogo ya wuce ashirin da shida, ya wuce talatin, ya wuce arba'in, yana fatan ko faifan zai faɗi don kansa. Ƙarshe ya matso ya dafa kafaɗar Dehen ya ce, "Kashe, ɗana. Ya isa."

Aka ba Ugak gungumen ulin, kuma haƙƙinsa ne. Gidansa shi ma a bakin ruwa yake, da 'ya'ya biyar da tsohuwarsa.

Bayan sati biyu Ugak ya kira gayyar ɗaga gida. A wurinmu ba a ƙin zuwa gayya, ko kai da mutum ba kwa ga maciji. Dehen ya je. Da kafaɗarsa ya ɗauki dirkokin nan ɗaya bayan ɗaya, da hannunsa ya kafa su a ƙarƙashin gidan wani. Da aka kawo shinkafa da kifi aka zauna ci, shi ya ce ya ƙoshi.

Ya yi ƙoƙarin tokare nasa gidan da itacen da ya samu, amma ɗanyen itace ba ya jure kogin nan. Ruwa ya zo a watan sha ɗaya kamar yadda ya saba. Kwana huɗu dirkokin suka riƙe. A na biyar da rana tsaka ɓangaren madafa ya durƙusa, tukwane da murhu da buhun shinkafa suka bi ruwa. Allah ya taƙaita ba kowa a ciki. Muka kwashe abin da ya saura a kwalekwale, muna yi ɗakin kwana na bin bayan madafar.

Yanzu su uku suna zaune a ɗaki guda bayan rumfar Kawu Tundan, labule ne tsakaninsu da buhunan sukari. Rusine ba ta bar shi ba, ba ta kuma taɓa yi masa gori a gaban mutane ba. Amma rawar nan da ta taka a tsakar gida, ban sake ganin irinta ba.

Dehen na nan yana taya Kawu wanke kofuna in ba aikin daji. Duk baƙon da ya zauna shan kofi sai ya ja kujera ya ce masa, "Ka san matata ce ke wasa haƙoran hagu? Duk kogin nan ba mai hannunta." Baƙon ya gyaɗa kai don ladabi, bai san wace sarƙa ake magana ba, ya biya kuɗin kofinsa ya kama hanya.

Darasi: In wani ya riƙe maka rabin aikinka, kada daɗin tafi ya sa ka ce kai kaɗai ne. In kuma bakinka ya riga ya zame, ka je ka gyara yau, tun da sauran abin gyarawa. Kowace rana da ka ƙara kana taurin kai, wani abu kake cinyewa wanda ba zai dawo ba, kuma ba kai kaɗai za ka kwana a ruwa ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san akwai haƙurin da ya kamata ya bayar yana ta cewa sai gobe.